Yadda ake kula da bushewar ido a ƙasar hazo da ƙura

Akwai ciwon idon da ba ya kwantar da mutum, amma yana hana shi sakat. Ka tashi da safe ka ji kamar an barbaɗa maka yashi a ƙarƙashin fatar ido. Da rana ido na yaji. Ka ɗauki waya ko Alƙur'ani ka fara karatu, bayan minti goma rubutun ya yi dishi-dishi, ka ƙifta sau biyu ya washe, jim kaɗan ya sake komawa. Ka hau babur iska ta buge ka, hawaye su yi ta kwarara kamar mai yankan albasa. La'asar na yi ido ya yi ja, ya yi nauyi, babu abin da kake so sai ka rufe shi. Wannan ita ce bushewar ido.

Da yawa idan aka faɗa musu haka sai su yi musu: "Yaya za a ce idona ya bushe alhali kullum cikin hawaye yake?" Amsar wannan tambaya ita ce tushen duk maganin, don haka daga nan zan fara.

Hawaye ba ruwa ba ne zalla

Danshin da ke kan ido hawa uku ne. Akwai wani abu mai yauƙi a ƙasa wanda ke sa ruwan ya manne da ƙwayar ido. Akwai ruwan kansa, wanda ke fitowa daga wata maɓuɓɓuga da ke sama da ido, ta gefen kunne. Sannan a saman ruwan akwai mai, siriri ƙwarai, wanda ke hana ruwan bin iska. Man nan yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, daf da bayan gashin ido. Kowace fatar ido tana da guda 20 zuwa 40, ta sama ta fi ta ƙasa yawa, kuma duk ƙiftawa ɗaya tana matso man kaɗan ta shimfiɗa shi.

Mafi yawan masu bushewar ido ba ƙarancin ruwa ke damun su ba. Man ne ya daskare ya toshe ƙofofinsa, ko kuma ba ya fita yadda ya kamata. Tukunya ce a kan wuta babu murfi: ko nawa ka ƙara ruwa zai ƙone. Idan saman ido ya bushe ya fara zafi, sai jiki ya turo hawaye da yawa lokaci guda, irin na kuka, waɗanda ruwa ne kusan zalla. Su zubo a kumatu, ba su zauna a ido ba. Shi ya sa busasshen ido ke hawaye.

Mu kuwa a ƙasar da iska ke shan ruwa muke zaune. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙurar da mafi yawanta ke tasowa daga kwarin Bodele a arewacin Cadi. A Kano ko Damagaram ko Sakkwato laimar iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100 da tsakar rana. Iskar da ke fasa leɓe, ta sa faso a dunduniya, ta busar da wanki cikin awa guda, ita ce ke bi ta kan ido. Bazara ta zo kuma fanka ta karɓi aikin. Don haka ɗiga magani kaɗai ba ya wadatarwa. Dole a gyara murfin tukunyar.

Mataki na farko: tabbatar ba wani abu ba ne

Bushewar ido takan kama ido biyu, takan ƙaru da yamma ko bayan dogon kallo, kuma dishi-dishin da take kawowa yana washewa idan aka ƙifta. Idan abin da kake ji ya saɓa wa wannan, dakata. Kada ka tsaya maganin gida, nufi asibitin ido a ranar, idan akwai ɗaya daga cikin waɗannan: zafi mai tsanani, musamman a ido ɗaya, kasa buɗe ido a haske, raguwar gani da ƙiftawa ba ta gyarawa, farin ɗigo a kan baƙin ido, kwantsa mai kauri kamar mugunya, wani abu ya faɗa ido a wurin walda, niƙa ko sussuka, ko kuma fatar ido ba ta rufuwa gaba ɗaya, kamar yadda ke faruwa ga wanda gefen fuskarsa ya shanye. Farin ɗigon nan na iya zama gyambo, kuma gyambon baƙin ido cikin 'yan kwanaki yake barin hakiya.

Akwai kuma abubuwa biyu da ake yawan rikita su da bushewa. Apolo yakan zo farat ɗaya, da ja sosai da kwantsa, kuma za ka ga ya kama wasu a gida ko a makaranta. Shi kuwa yaron da kullum yake murza ido saboda ƙaiƙayi, farin idonsa ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, galibi ciwon da ƙura da furen tsirrai ke tayarwa ne. Maganinsa daban, a kai shi a duba.

Mataki na biyu: nemo abin da ke busar da idonka

Ba kowa ne dalilinsa ɗaya da na wani ba. Ɗauki kwana uku kana lura: da wane lokaci ya fi tsanani, kuma me kake yi a lokacin? Wanda nasa ya fi muni da asuba, ya duba fankar da yake kwana a ƙarƙashinta, ya kuma sa wani ya duba ko idonsa na rufuwa sosai idan yana barci. Wanda nasa sai yamma, ya duba aikinsa. Tela, mai ɗinkin hula, mai POS, ɗalibi, ma'aikacin ofis, duk aikinsu ƙura ido ne. Ɗan acaɓa da mai adaidaita sahu da direban babbar mota, iska ce. Mai tuyar ƙosai, mai tsire, da uwargidan da ke girki da itace, hayaƙi ne.

Sai ka duba magungunan da kake sha. Maganin mura da ƙaiƙayi irin su Piriton, wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa fitsari, amitriptyline da ake bayarwa don damuwa ko ciwon jijiya, da isotretinoin na ƙurajen fuska, duk suna rage danshin ido. Haka magungunan ɗigawa na hawan jinin ido, wato cutar da ƙarfin ruwan cikin ido ke lalata jijiyar gani, idan an daɗe a kansu. Ban ce ka daina ko ɗaya ba. Wanda ya ajiye maganin hawan jinin ido saboda yana sa masa yaji ya sayar da ganinsa ne a kan ɗan sauƙi, kuma ganin da wannan cuta ta ɗauka ba ya dawowa. Ka faɗa wa likitan da ya rubuta maka, sau da yawa akwai wanda za a canja maka.

Shekaru ma na da nasu. Bayan hamsin abin ya fi yawa, kuma ya fi kama mata, musamman bayan ɗaukewar al'ada. Ciwon sukari, cutar maƙoƙo mai turo ido waje, da amosanin gaɓɓai mai kumbura yatsu duk suna tafe da shi. Wanda aka yi wa aikin yanar ido yakan yi makonni ko watanni yana jin yashi-yashi. Idan kuma ban da ido baki ma ya bushe, har sai an kora da ruwa kafin a haɗiye burodi, to wannan na iya zama cutar da wani likitan ido ɗan ƙasar Suwidin, Henrik Sjögren, ya bayyana a 1933, inda garkuwar jiki ke afka wa maɓuɓɓugan hawaye da na yawu. Ita sai an yi gwajin jini.

Mataki na uku: gasa fatar ido

A nan zan daɗe, domin shi ne matakin da ya fi arha, ya fi amfani ga mafi yawan mutane, kuma shi aka fi yin sakaci da shi. Man da ya daskare a bakin fatar ido kamar man shanu ne a sanyin hunturu: ɗumi ke narkar da shi.

Ka tanadi ƙyalle mai tsabta wanda ba a amfani da shi a komai sai wannan, da kwano, da ruwan da aka tafasa. Wanke hannu da sabulu. Surka ruwan ya koma ɗumin wankan jariri ko sama da haka kaɗan, wajen digiri 40. Gwada shi a cikin wuyan hannunka. Idan ka ji kana son janye hannun, ya yi zafi da yawa, domin fatar ido ita ce mafi siranta a jiki. Mai ciwon sukari da tsoho su sa wani ya gwada musu, saboda jin zafinsu kan ragu.

Tsoma ƙyallen, matse shi, rufe ido ka ɗora. Ana son ɗumin ya zauna minti 5 zuwa 10 ba yankewa, kuma a nan ne mutane ke kuskure. Jiƙaƙƙen ƙyalle cikin minti ɗaya ko biyu yake hucewa, balle da hunturu. Wanda ya ɗora sau ɗaya ya tashi bai yi komai ba. Ka ajiye kwanon kusa kana sake tsomawa, ko ka yi da ƙyalle biyu, ɗaya a ido ɗaya a ruwa, ga filas a gefe kana ƙara ruwan ɗumi. Wata dabarar ita ce dafaffen ƙwai: naɗe shi da ɓawonsa cikin ƙyalle, jira zafinsa ya sauko, ka ɗora a hankali. Yana riƙe ɗumi fiye da ƙyalle nesa ba kusa ba.

Da ka sauke, kafin man ya sake daskarewa, sai tausa. Ido a rufe, sa ɗan yatsa a saman fatar ido ta sama ka shafo ƙasa zuwa gashin ido. Fara daga gefen hanci, kana matsawa kaɗan-kaɗan har gefen kunne. Ta ƙasa kuma ka shafo sama. Sau biyar ko makamancin haka a kowace fata ya isa. Fatar kake tausawa, ba ƙwayar ido ba, don haka kada ka danna har ka riƙa ganin taurari. Mai hawan jinin ido, ko wanda bai daɗe da aikin ido ba, ya tambayi likitansa kafin ya fara.

Sannan gogewa. Jiƙa auduga mai tsabta da tafasasshen ruwan da ya huce, ka goge gindin gashin ido daga gefen hanci zuwa waje, inda ɓawo-ɓawo da busasshen mai da ragowar kwalli ke taruwa. Kowane ido da audugarsa. Kada ka sa sabulun wanki, kada ka sa Dettol.

Idan ka buɗe ido ka ga hazo-hazo na minti ɗaya ko biyu, kada ka tsorata, man ne ya fito. Yi wannan sau biyu a rana, bayan asuba da kafin kwanciya, na tsawon wata guda. Ba a ganin amfaninsa a kwana uku. Yawanci sai mako na biyu zuwa na huɗu mutum ke lura cewa yashin ya ragu. Bayan nan sau ɗaya a rana ya isa, amma idan ka daina gaba ɗaya abin kan dawo. Mai yawan fitar hazbiya ma wannan gashin ne maganinsa na farko, domin toshewar ƙofofin nan na cikin abin da ke kawo ta.

Mataki na huɗu: hawayen kwalba, da wanda ba shi ba

Maganin ɗigawa na bushewar ido ba ya kashe ƙwayar cuta, aikinsa ya maye gurbin hawaye. Karanta jikin kwalbar da kanka, ko ka sa a karanta maka. Sunayen da kake nema su ne hypromellose, carboxymethylcellulose, sodium hyaluronate, ko polyvinyl alcohol. Akwai mai kauri kamar kamu, carbomer, wanda ya fi daɗewa a ido. Akwai kuma man shafawa na cikin ido da ake sawa lokacin kwanciya, ga wanda ke farkawa da ido a manne. Masu kaurin nan suna dushe gani na ɗan lokaci, kada a sa su a hau tuƙi. A Najeriya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, kuma ka saya inda ba a shanya magani a rana.

Fara da sau uku ko huɗu a rana, kuma ka riga ciwon: ɗiga kafin ka hau babur, kafin ka zauna gaban keken ɗinki ko kwamfuta, ba sai ido ya fara yaji ba. Idan ka ga kana bukata fiye da sau huɗu zuwa shida a rana, nemi wanda babu sinadarin hana lalacewa a cikinsa. Mafi yawan kwalabe na ɗauke da benzalkonium chloride, wanda ke hana ƙwayoyin cuta girma a cikin maganin, amma idan ya yi yawa shi kansa yana cin saman ido. Marar sinadarin yakan zo a 'yan ƙananan robobi da ake fasawa a yar bayan amfani. Ya fi tsada, amma ga mai ɗigawa sau takwas a rana shi ne daidai.

Ga yadda ake ɗigawa. Wanke hannu. Ɗaga kai sama, ko ka kwanta rigingine. Ja fatar ido ta ƙasa da yatsa har ta yi ɗan aljihu, kalli sama, ka saki ɗigo ɗaya a aljihun. Ɗaya tak, domin ido ba ya iya riƙe ko ɗigo ɗayan gaba ɗaya, na biyu a kumatu zai ƙare. Bakin kwalbar kada ya taɓa ido, ko gashin ido, ko yatsa. Rufe ido a hankali, ba runtsewa ba, ka danna lungun ido na gefen hanci da yatsa na minti ɗaya zuwa biyu. A wannan lungun akwai 'yar ƙofar da ke kai hawaye hanci, daga nan zuwa maƙogwaro. Idan kana da magani iri biyu, bar minti 5 tsakaninsu, mai kauri ko man shafawa shi ne na ƙarshe. Rubuta ranar da ka buɗe kwalbar a jikinta. Bayan mako huɗu yar da ita ko da saura, sai dai in takardarta ta ba da wani wa'adi. Kuma ba a aron maganin ido, ko tsakanin miji da mata.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mutum ya je kemis ya ce, "A ba ni maganin jan ido." A miƙo masa kwalba, ya ɗiga, cikin kwana biyu ido ya yi fari tas, yaji ya tafi. Daga ranar kwalbar ta zama abokiyar aljihunsa. Duba jikinta: idan ka ga dexamethasone, betamethasone ko prednisolone, sitiroyid ne, wato maganin kwantar da kumburi mai ƙarfi, ko da an haɗa shi da wani maganin. Likitan ido na bayar da shi ga bushewa mai tsanani, na ɗan gajeren lokaci, yana auna ƙarfin ruwan ido. Amma wanda ya yi watanni yana ɗigawa da kansa yana iya jawo wa kansa hawan jinin ido ba tare da ya ji komai ba, ko yanar ido tun da ƙuruciya, kuma idan akwai ɗan rauni a baƙin ido maganin zai buɗe wa ƙwayar cuta hanya. In ka riga ka daɗe a kansa, je a auna idon, likita ya tsara maka yadda za ka rabu da shi.

Masu sa ido fari nan take, waɗanda ke da naphazoline ko tetrahydrozoline, jijiyoyin jini kawai suke tsukewa. Da ƙarfinsu ya ƙare jan ya dawo fiye da da. Chloramphenicol da gentamicin kuwa na ƙwayoyin cuta ne, bushewa ba ta san da su ba, kuma gentamicin idan aka daɗe ana sawa yana ƙara ɓata saman ido.

Haka abubuwan da ake ɗigawa a gida: nonon uwa, ruwan sukari, ruwan albasa, ruwan ganye, fitsari. Na san da kyakkyawar niyya ake ba da shawararsu, sau da yawa daga bakin wanda muke girmamawa. Amma busasshen ido ido ne da kariyarsa ta yi rauni, kuma waɗannan abubuwa sun makantar da mutanen da ciwonsu na farko bai taka kara ya karya ba.

Mataki na biyar: ƙiftawa

Mutum a zaune yana hira yakan ƙifta sau 15 zuwa 20 a minti. Idan ya ƙura wa waya ido, adadin kan faɗi zuwa rabi ko ƙasa da haka, kuma sau da yawa ƙiftawar rabi-rabi ce, fatar sama ba ta sauka ta haɗu da ta ƙasa. Babu cikakkiyar ƙiftawa, babu man da zai fito.

Likitocin ido na ba da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: duk minti 20, ɗaga kai ka kalli abu mai nisan kamar mita 6 na daƙiƙa 20. Ka haɗa da wannan: rufe ido a hankali ka ƙirga biyu, matse kaɗan ka ƙirga biyu, buɗe. Sau biyar. Tela zai iya yi duk sanda ya canja zare, mai shago duk sanda ya sallami mai saye. Allon kwamfuta ya zauna ƙasa da saitin ido kaɗan, domin mai kallon ƙasa fatar idonsa na rufe rabin ƙwayar, mai kallon sama kuwa a wangale take. Wannan ne ya sa kallon waya a kwance cikin duhu, ga fanka na kaɗawa, ya fi komai gajiyar da ido.

Iska, hayaƙi da kwalli

Juya fanka ta bugi jiki ko bango, ba fuska ba. A mota karkatar da iskar sanyi zuwa ƙafa. Da dare a hunturu rataya jiƙaƙƙen zane ko tawul a ɗaki, ka rufe tagar da iska ke shigowa. Mai hawa babur ya sa tabarau mai rufe gefe, ko hular kwano mai gilashi. Tabarau na ado mai buɗaɗɗen gefe iska na zagayowa ta bayansa. Idan ka sa takunkumi saboda ƙura, matse ƙarfen saman hancin sosai, in ba haka ba numfashinka zai riƙa hurowa sama cikin ido duk yini.

Uwargida, in da hali ki fitar da murhu inda hayaƙi zai tashi, ki zauna ta inda iska ke fitowa, ki yi amfani da busasshen itace. Turaren wuta a turara ɗaki a bar hayaƙin ya lafa kafin a shiga a zauna. Maganin sauro na ƙonawa a rufaffen ɗaki ma hayaƙi ne, gidan sauro ya fi wa ido sauƙi. Alwala na taimakawa wajen wanke ƙurar da ke kan gashin ido da fatarsa, amma kada a buɗe ido a riƙa watsa ruwa ciki don neman sanyi: ruwan na wanke man da ake ta fama a tara.

Kwalli kuma daidai kan ƙofofin man ake zizara shi. Ba cewa nake a rabu da shi ba, amma a lokacin da ido ke ciwo a huta da shi na 'yan makonni. Idan an dawo, a sa shi ta wajen gashin ido, a goge kafin barci, kuma kowa da tandunsa da tsinkensa. A sani kuma cewa yawancin dutsen kwallin da ake niƙawa ma'adinin dalma ne, don haka a nisanta shi daga idon jarirai. Gashin ido na kanti da gam ɗinsa, da gilashin roba mai launi da ake manna wa amare a ƙwayar ido, duk suna tsananta bushewa. Na roban kada a kwana da shi, kada a wanke shi da ruwan famfo.

Abinci, ruwa da azumi

Shan ruwa isasshe na taimakawa, amma ba ya buɗe ƙofar da ta toshe. Game da ƙwayoyin man kifi da ake tallatawa, wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2018, kan mutum fiye da 500 na tsawon shekara guda, bai ga sun fi man zaitun da aka gwada su da shi amfani ba. Ka ci kifi in ka samu, amma kuɗin ƙwayoyin gara ka sa su a hawayen kwalba mai kyau.

Inda abinci ke da babbar magana shi ne yara. Ƙarancin bitamin A na busar da ido ta hanya mai haɗari. Alamar farko dundumi: magariba na yi yaro ya fara laluben bango. Sai farin ido ya bushe ya yi yamutsa, wani lokaci da ɗan tabo kamar kumfar sabulu. Idan ƙyanda ko gudawa ko tamowa ta haɗu da wannan, baƙin ido na iya narkewa cikin kwanaki. Wannan ba na gashi da ɗigo ba ne, asibiti ne a ranar. Rigakafinsa manja, zogale, alayyahu, karas, kabewa, mangwaro, gwanda, ƙwai da hanta, da kuma ɗigon bitamin A da ake ba yara 'yan wata 6 zuwa 59 duk wata shida.

Da azumi kuwa mutane da yawa kan ajiye maganin ido saboda suna jin ɗacinsa a maƙogwaro. Malamai sun yi saɓani kan hukuncin, ka tambayi malaminka. Abin da zan ƙara shi ne danna lungun idon nan da na bayyana, wanda ke tare mafi yawan maganin kafin ya gangara. Mai bushewa marar tsanani zai iya ɗigawa da sahur, da buɗa-baki, da kafin barci, ya riƙe gasa fatar ido da ƙiftawa da rana. Mai hawan jinin ido ya zauna da likitansa tun kafin watan ya kama a tsara masa lokuta.

Idan wata guda ya wuce babu sauƙi

Wanda ya yi mako huɗu zuwa shida yana gashi, yana ɗigawa, ya gyara zamansa, amma abin na nan, lokacin ganin likitan ido ya yi. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makka a Kano, da sashen ido a asibitocin koyarwa na Zariya, Sakkwato, Maiduguri da Kano, haka a manyan asibitocin Yamai da Damagaram.

Gwajin ba ya da zafi. Za a sa maka wani rini ruwan ɗorawa a ido a haska shuɗin haske, a ƙirga daƙiƙa nawa danshin ke ɗauka kafin ya tsage. Ƙasa da daƙiƙa 10 alama ce ta matsala. Rinin na kuma nuna wuraren da saman ido ya ƙuje. Ana iya maƙala 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa na minti 5 a ga iya inda ta jiƙe. Likita zai matsa bakin fatar ido ya ga ko man na fita garau kamar man gyaɗa, ko da kauri kamar man goge baki, ko ba ya fita sam. Zai kuma juya fatar sama ya duba tabon amosanin ido, da gashin da ya juya ciki yana gogar ƙwaya, domin a yankunan da cutar ta daɗe wannan na cikin dalilan yashi-yashi a idon manya, kuma ƙaramin aiki ke gyara shi.

Daga abin da ya gani zai zaɓi magani: ƙwayar doxycycline na wasu makonni don gyara man, wadda ba a ba mai ciki ko ƙaramin yaro, ɗigon ciclosporin, wanda sai an yi watanni kafin a ga aikinsa, ko ɗan mitsitsin toshi da ake sawa a ƙofar lungun ido don hawaye su daɗe.

Ranar zuwa kada ka sa kwalli. Tattara duk kwalaben da ka taɓa ɗigawa, har waɗanda suka ƙare, da duk ƙwayoyin da kake sha na wasu cututtuka, ka zuba a leda ka tafi da su. Idan ka sa wani abu na gida a idon, faɗi sunansa da ranar da ka sa. Ka kuma roƙi a auna maka ƙarfin ruwan ido kafin ka fito, musamman in ka haura shekara arba'in ko ka taɓa amfani da sitiroyid.